Kayan Marmarin Bangon Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban samu sakat ba. Duk wanda na gamu da shi, a ƙofar masallaci ko a hanyar gona, sai ya ɗaga yatsu a gaban fuskata ya ce, "Malam Haruna, nawa ne nan?" In na faɗa, sai ya gyara tsayuwa ya ce to in ba shi labarin tafiya. Na ba da labarin nan har bakina ya yi tsami. Ga Ɗanlami can yana ba da nasa, wanda a ciki shi ne gwarzo, ni kuwa kayan da ya ɗauko. Shi ya sa na ce bari in faɗe shi sau ɗaya, tiryan-tiryan, kowa ya huta.

Ni masaƙi ne, a wani ƙauye kusa da Minjibir. Saƙa na gada, ita na sani, sai ɗan noman da ba ya kai mu wata damina. Da yanar ido ta fara rufe mini gani, launi ne ya fara gudu. Shuɗi da baƙi suka zama abu ɗaya. Ranar da wata mata ta dawo mini da gwadon 'yarta, ta ce ja ta ce a sa na sa mata ruwan ƙasa, ranar na naɗe zarena na ajiye ƙoshiyar saƙa. Na je asibiti a Kano, suka ce abu ne mai sauƙi, kankarewa za a yi. Da suka faɗi abin da za a biya sai na gane sauƙin a bakinsu yake. Shekarar ce man fetur ya yi tashin da ya yi, kwanon gero ya gagari magidanta.

Ɗanlami ƙanin matata Hajara ne, dillalin awaki. Shi ya zo da labarin cewa ya ji a rediyo wasu likitoci baƙi sun sauka a wani asibiti a Damagaram, suna aikin ido kyauta. Ya ce shi zai kai ni, domin ya taɓa zama a Nijar yana saurayi, ya san hanya, yana jin Faransanci, kuma yana da babban aboki a can mai gidan sama. Duk cikin abubuwan nan, hanyar ce kawai ta tabbata, ita ma don ba ta da kwana da yawa.

A Kunya muka shiga mota. Aka cusa ni a gaba, ni da wani mai buhun barkono, cinyata ɗaya a kan giya, duk sanda direba zai canja sai ya ce, "Baba, ɗaga." Ɗanlami yana bayana, ya ɗora wa kansa aikin zama idona. Sai mun faɗa rami kaina ya bugi rufi, sannan zai ce, "Yaya, ga rami nan."

Na ce, "Na gode, na ji shi."

Direban yana kashe inji wai don tattalin mai idan ya ga gangare. Ni dai a sanina ƙasarmu ba ta da gangare, amma shi yana ganinsa. Duk da tattalin, kafin Babura mai ya ƙare. Ya ce duk namiji ya sauko a tura. Ɗanlami ya ce shi bayansa yana ciwo tun wani bunsuru da ya ɗaga. Haka na dafa bayan mota ina turawa, ni da ba na ganin inda nake taka ƙafa, shi kuma yana tafe a gefe yana cewa, "Dama-dama, Yaya. Yauwa. Ƙara ƙarfi."

A kan iyaka aka sauke mu duka. Ɗanlami ya ja ni gefe ya ce in yi shiru, kada in ce komai, shi zai yi magana, amma in gaida babban cikinsu da ladabi. Na hangi wani dogo baƙi tsaye a jikin rumfa, ba ya ko motsi. Na ce lallai wannan ne babban. Na russuna na ce, "Ranka ya daɗe, barka da aiki." Shiru. Na sake gaisuwa, na ƙara da tambayar iyali. Sai na ji mata suna ƙyalƙyala dariya a bayana. Ashe rigar ruwa ce aka rataye a jikin ginshiƙi. Ɗanlami yana kallo, bai hana ni ba, wai ya ɗauka addu'a nake yi.

Shi kuma ya je gaban jandarma ya buɗe baki ya zuba Faransancinsa. Mutumin ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce da Hausa garau, "Malam, wane yare ne wannan? Ina za ku da tsohon?" Da na yi masa bayani da kaina, ya duba katinmu, ya ce Allah ya ba da lahiya, har ya sa aka ba ni kujera. A nan ne kuma muka yi canji. Na miƙa damin kuɗin da Hajara ta ɗaure mini a ƙyalle, aka miƙo mini 'yan takardu marasa kauri da tsaba. Na tsaya ina jiran sauran. Mai canji ya ce ai shi ke nan.

Mun isa Damagaram rana ta take. Abu na farko da na lura, garin kwance yake. Mu a nan da tsakar rana ake cin kasuwa, su kuwa sun rufe shaguna sun tafi barci, sai la'asar. Babban abokin Ɗanlami ma barcin yake. Da aka tashe shi ya fito, ya daɗe yana kallon Ɗanlami, ya ce, "Daga ina?" Bai tuna shi ba sam. Gidan saman kuwa ɗan tsani ne da ake hawa rufi a yi shanya. Amma mutumin kirki ne, ya ce baƙo ba ya kwana a titi, ya ba mu zaurensa. Zauren ne kuma rumbun albasarsa. Ni da na zo neman maganin ido na kwana ina hawaye.

Abinci kuwa, burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi. Na jiƙa shi a shayi ya ƙi laushi. Da safe suka kawo ganyen salak ɗanye da mai, na tambaya ko akuyar gidan aka kawo wa. Amma gaskiya furarsu ta fi tamu nono, wannan ba zan ɓoye ba.

Sai rikicin ɗan acaɓa, wanda su suke kira kabu-kabu. Ɗanlami ya ce masa asibitin ido za a kai mu. Mutumin ya ce, "To, likita ke nan."

"A'a, asibiti tukuna. In mun je ma ga likita."

"Ai ita ce likita."

"Wace ce? Mace ce?"

Suka yi ta yi, ni ina tsaye a rana. Ashe su asibitin ne suke kira likita.

A asibitin aka duba ni, aka ce idon dama za a fara, hagu sai wani zuwan. Aka ba ni gado a wani dogon ɗaki. Maƙwabcina wani Buzu ne mai suna Agali, dattijo kamata, daga wajen arewa ya zo. Muryarsa a hankali take, kamar mai jin tsoron tashin jariri, amma bakinsa ba ya hutawa da tambaya. Kafin azahar ya san sunan ƙauyenmu da yawan 'ya'yana, ni kuma na san fari ya cinye masa dabbobi, saura 'yan awaki da 'yarsa take kiwo.

A bangon da ke fuskantar gadajenmu akwai wani abu mai kusurwa huɗu, duhu-duhu. Zafi ya dame ni, na ce wa ma'aikaciyar ɗakin, wata mai suna Mariyama, don Allah ta buɗe tagar can mu sha iska. Ta ce, "Baba, ba taga ba ce, zane ne."

"Zanen me?"

"In an buɗe maka ido ka gani."

Na ce a raina, mutanen da suka rasa abin yi. Ɗakin makafi suka ga ya dace a rataya zane.

Aikin kansa ba abin faɗa ba ne da yawa. Tsoro ya fi shi girma. Aka rufe ni da ƙyalle, na ji sanyi a ido, na ga haske yana yawo, aka ce an gama. Abin da ya fi aikin wuya shi ne dokokin bayansa: kada ka sunkuya, kada ka yi tari, kada ka sosa. Ɗanlami kuwa ya zauna a bakin gado yana cin ƙuli-ƙuli a kunnena, yana ba ni labarin mutanen da ya sani waɗanda aikin ido ya lalace musu.

Washegari da safe Mariyama ta zo da likitar, wata baƙuwa doguwa da ba ta jin Hausa. Aka ɓare auduga. Haske ya soke ni, na runtse, hawaye ya zubo. Da na sake buɗewa a hankali, kaina yana kan matashi, abin da ke daidai saitina shi ne wannan da na kira taga.

Ja na fara gani. Ban ga kankana ba tukuna, jan na gani, jawur, kamar an watso mini shi a fuska. Na yi shekaru ina ganin duniya kamar ta cikin ruwan koko, har na manta ja yana da zafi. Daga baya ya tsaya ya zama yankan kankana, da ƙwayoyinsa baƙaƙe. Sai sauran suka fito: mangwaro uku, gwaiba, lemo, dabino 'yan kaɗan, duk a kan faifai, faifan a kan wani baƙin zane. Likita tana ɗaga yatsu tana magana, Mariyama tana cewa, "Baba, nawa ne?" Ni kuwa ina leƙa bayan kafaɗarta. Sai da Ɗanlami ya ce, "Yaya, ka ba mu kunya, ka amsa mana," sannan na juyo na gan shi. Ban san ya yi furfura haka ba, kuma hular da ke kansa tawa ce, wadda na daɗe ina nema.

Sannan aka zo kan Agali. Aka ɓare nasa. Aka ɗaga yatsu, aka haska fitila, aka sake ɗagawa. Ya ce yana ganin haske, amma babu komai a cikinsa. Likitar ta daɗe tana dubawa, ta yi magana da Mariyama ƙasa-ƙasa. Mariyama ta durƙusa ta ce masa yanar ta fita, amma jijiyar bayan idon ta riga ta mutu, dama sun gaya masa ana iya samun haka. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ja rawaninsa ya rufe baki. Ni na rasa inda zan sa farin cikina, sai na mayar da ido kan bango.

Can da hantsi Agali ya ce, "Bakano."

"Na'am."

"Tun ɗazu kake tsaki da salati. Me ke jikin bangon nan?"

"Kayan marmari ne kawai. Mangwaro da su kankana."

"Shi ke nan? Wannan ai ko ni zan iya faɗa. An ba ka ido, ka duba mini da kyau."

Na ce kankanar ja ce.

"Ja kamar me? Jan jini, ko jan barkono, ko jan garwashi?"

Raina ya ɗan ɓaci. Ga yunwa, tun jiya ba a bar ni na ci abin kirki ba, ga abinci a gabana wanda ba ya ciwuwa, ga mai yi mini jarrabawa. Amma yaya za ka ce wa mutum a irin wannan rana ya ƙyale ka? Na duba. Na ce tsakiyarta jan garwashi ne, amma yana zuwa wajen ɓawo yana kodewa, ya koma kamar dasashin jariri, sannan fari, sannan kore shar. Na ce kuma jiƙe take, har wani ɗigo ya gangaro kan faifai.

"Yauwa. Mangwaron fa?"

"Rawaya."

"Duka ukun?"

Na sake dubawa. A'a. Ɗaya kore ne har yanzu, kumatunsa kawai suka fara ja, fatarsa a miƙe, in ka cije shi haƙoranka za su mutu. Na tsakiya ya nuna sosai, ruwan ɗorawa mai shiga ruwan goro, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Na ukun ya wuce, fatarsa ta fara yamushewa, ga baƙin tabo a gefe inda ya bugu da ya faɗo.

Ɗanlami ya tsoma baki. "To wannan mai zanen ba shi da wayo. In ni ne, zan juya tabon ya kalli bango. Wa zai saya?"

Agali ya ce, "Ba na sayarwa ba ne. Na gida ne. Ci gaba, Bakano."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zanen da ke ƙarƙashin faifan, domin sana'ata ce. Na ce masa baƙi ne. Sai na ga ba baƙi ba ne, shuni ne mai duhu, irin wanda ya sha bugu, inda ya lanƙwasa yana walƙiya kamar wuyan tattabara. Har zaren nake gani. Na kasa haƙuri, na sauko daga gado na nufi bangon, na miƙa yatsa in ji kaurin saƙar. Da na matso sai komai ya watse. Babu zare, babu saƙa, sai fenti da aka dangwala, wani wuri da kauri har ya yi tudu, wani wuri a shafe. Walƙiyar da na gani farin fenti ne ɗan ƙyas, kamar kashin tsuntsu. Inuwar mangwaron, wadda na rantse baƙa ce, shuɗi ne da ja aka haɗa. Na ja da baya, zane ya dawo zane, mangwaro ya dawo mangwaro. Na matso, suka gudu. Na ji kamar an yi mini wayo a kasuwa.

"Baba! Wa ya ce ka tashi?" Mariyama ce. "Kuma ka sa hannu! Sannan ka kai shi ido, ko?" Ta kora ni gado kamar ɗan akuya, ta sa na wanke hannu. Na tambaye ta wa ya yi zanen. Ta ce ita ma a nan ta tarar da shi. Na ce ba a rubuta suna ba? Ta ce akwai wani ɗan jagwalgwalo a ƙasa, ba ya karantuwa. Mutum ya yi wannan aiki, a ce ba wanda ya san shi! Wannan ma ya ba ni haushi.

Agali bai gama da ni ba. Ya ce, "Daga ina hasken yake zuwa?"

"Wane haske? Zane ne."

"Inuwa fa? Ina ta kwanta?"

Na ce dama, kuma doguwa ce. Ya ce to la'asar ce ke nan, ko hantsi. Na duba launin hasken, na ce la'asar ce sakaliya, domin ya yi ja-ja, kuma bayan faifan duhu ya fara taruwa. Sai na ga abin da ban lura da shi ba. An fara ɓare lemon, ɓawon yana reto a bakin faifai, ga 'yar wuƙa a ajiye, ba a ƙarasa ba.

Agali ya ce, "An kira mai ɓarewar ne. Yana cikin ɓarewa aka yi sallama da labari, ya tashi, bai dawo ba."

Na ce, "Haba dai. Wataƙila salla ya tafi."

"In salla ce da ya rufe da wani faifan saboda ƙuda."

Ɗanlami ya ce wataƙila lemon ne ba zaƙi. Ba wanda ya kula shi. Muka yi ta musu ni da Agali har aka kawo abinci. Ni na ce gidan wadata ne, ana jiran baƙi. Shi ya ce gidan da aka fita ne. Abin haushin, duk sanda na sake kallo sai in ga kamar shi ne da gaskiya, shi da bai gani ba. Launukan suna ta ihu, amma wurin shiru yake, irin shirun tsakar gida bayan an fita da gawa.

Ranar da aka sallame mu, 'yar Agali ta zo ta kama masa sanda. Ya riƙe hannuna ya ce, "Na ga zanen nan, Bakano. Kai dai kana da rowar magana, sai an matsa ka." Ɗanlami ya ce mu yi sauri mota za ta cika.

Dawowa ba ta fi zuwa daɗi ba, sai dai yanzu ina ganin ramin kafin mu faɗa, wanda na gane ba wani ci gaba ba ne. Aka ba ni baƙin tabarau, yara a Kunya suka bi ni suna cewa ga ɗan sanda.

Mun shiga gida da yamma. Jikoki suka yi caa, maƙwabta suka cika zaure. Sai da aka watse Hajara ta kawo mini tuwo a ɗaki, ta durƙusa ta ajiye. Na cire tabarau na dube ta. Muryarta na sani duk shekarun nan, kuma muryar ba ta canja ba. Amma matar da ke gabana ba ita na bari ba. Ƙasusuwan wuyanta sun fito, zobenta ta naɗa masa zare don kada ya zame. Na dubi kwanona, malmala biyu manya, har da man shanu.

Na ce, "Ina naki?"

"Na ci, Malam."

"Kawo kwanon in gani."

"Wai me ya same ka? Daga dawowa?"

Na tashi da kaina na fita madafa. Kwanonta yana nan a rufe. Na buɗe, ƙanzo ne aka jiƙa da ruwan miya. Na tsaya riƙe da murfin. Ta biyo ni tana cewa ita dama ƙanzo take so, tun tana yarinya.

"Tun yaushe?"

Ta miƙo hannu za ta karɓe murfin.

"Hajara, tun yaushe kuke yi mini haka? Ina zaune ina ci ina gyatsa, ina cewa Alhamdu lillahi gidana bai ji shekarar nan ba?"

Ta ce, "To da me za ka yi in ka sani? Ka ƙara baƙin ciki a kan makanta?"

Faɗa na yi, sosai, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Hajara ta ce in rage murya, likita ta hana ni ihu, Ɗanlami ya gaya mata. Na ɗauko kwanona na juye ƙanzon a kai, na ajiye a tsakar gida, na ce daga yau a kwano ɗaya za mu ci, ina kallo. Ta ce ita ba amarya ba ce da za ta zauna cin abinci da miji a gaban jikoki. Na ce to sai ya huce, ni ma ba zan taɓa ba.

Muka zauna, kwano a tsakaninmu, kowa ya haɗe rai. Har aka kira magariba. Sannan ta ja tsaki, ta wanke hannu, ta gutsiri wata 'yar loma kamar ta tsuntsu.

Na ce, "Ƙara. Ina gani."